Girgizar da ke cin tsofaffin jirage a tsaye, da masu daidaita farfela

A ƙauyen Old Warden da ke gundumar Bedfordshire a Ingila akwai wani filin jirgin sama da ciyawa ce shimfiɗarsa, ba kwalta ba. Nan ne mazaunin tarin jiragen Shuttleworth, wanda Richard Shuttleworth ya fara haɗawa a 1928. Da ya rasu a hatsarin jirgin horo na soja a 1940, mahaifiyarsa Dorothy ta mayar da dukiyar amana don kada tarin ya watse. Abin da ya raba wurin da sauran gidajen tarihi shi ne jiragensa ba na kallo a rumfa kawai ba ne, tashi suke yi. Akwai Blériot XI ƙirar 1909, wanda a yau duk duniya babu jirgi mai iya tashi da ya girme shi. Akwai Deperdussin na 1910 da Blackburn na 1912. Irin waɗannan ba a fito da su sai da yamma lis, idan iska ta kwanta, su ɗan ɗaga sama su sauko.

Masu kallo idonsu na kan fuka-fukai da matuƙi. Makanikan da ke kula da jiragen kuwa kunnensu da tafin hannunsu na kan wani abu dabam: yadda jikin jirgin ke rawa idan farfela ta fara juyi. Jirgin da ya shekara ɗari ba tsatsa ce kaɗai abokiyar gabarsa ba, ba kuma ƙwaro mai cin katako ba. Girgiza ce, wadda ke aikinta a hankali, kowane sakan, duk lokacin da inji ke kunne.

Lissafin abin ba shi da wuya, amma yana ba da tsoro. A ɗauki Piper J-3 Cub, ɗan jirgin nan mai launin rawaya da aka ƙera kusan 20,000 a garin Lock Haven na jihar Pennsylvania a Amurka tsakanin 1938 da 1947. Injinsa da aka fi sani shi ne Continental A-65 mai ƙarfin doki 65, yana juyi har 2,300 a minti. Farfelarsa ta katako tana da tsawon inci 72, wato mita 1.8 da ɗan ɗoriya. A wannan juyin, bakin kowane reshe na farfelar yana gudun da ya kusa kilomita 800 a awa. To idan reshe ɗaya ya fi ɗan'uwansa nauyi da giram 10 kacal a can baki, nauyin da bai kai na ƙaramin mabuɗi ba, ƙarfin da zai riƙa fizgar hancin jirgin ya haura na kilo 50. Kuma fizgar ba gefe ɗaya take yi ba. Tana zagayawa da farfelar, sama, dama, ƙasa, hagu, sau 38 a kowane sakan. Idan aka ninka juyin sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Duk wadda ta taɓa kaɗi ta san wannan a hannunta: mazarin da nauyinsa ya zauna daidai yana juyi kamar a tsaye yake, wanda kuwa ya fi nauyi ta gefe ɗaya sai ya yi ta rawa har zaren ya tsinke.

Ina wannan ƙarfin yake zuwa? Ba ya ɓacewa. Yana bi ta kiranshaf ya shiga jikin inji, daga inji ya shiga ƙarafan da suka riƙe shi, daga nan ya bazu cikin jirgin duka. Salansa ita ce ta fara nunawa, sai a ga tsaga ta fito kusa da walda. Farantan da ke karkatar da iska zuwa silinda su yayyage. Notuna su sassauta, bututun mai ya goga da ƙarfe har ya huje, wayoyin fulogi su tsinke daga ciki, allurar agogunan gaban matuƙi ta yi ta kaɗawa har ba a iya karanta ta. A jirgin katako irin Tiger Moth, wanda aka haɗa fuka-fukansa da gam da ƙananan ƙusoshi aka lulluɓe da yadi, girgiza tana bin mahaɗan nan ɗaya bayan ɗaya. Shi kansa matuƙi yana sauka ƙafa ta yi sanyi, hannu na zugi, kai ya yi nauyi, yana zaton gajiyar tafiya ce.

Babbar matsalar ita ce sabo. Mutum ya sayi tsohon jirgi, tun ranar farko yana rawa, sai ya ɗauka halinsa ke nan, ai tsoho ne. Wannan zaton ya ci jirage da yawa, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta a yaƙa. Gaskiya ne wasu tsofaffin injuna ba za su taɓa yin lumui ba. Injin Anzani mai silinda uku, irin wanda Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi ranar 25 ga Yuli 1909, tun daga ƙira bugunsa ba a jere yake ba. Amma rawar da ƙirar inji ta haifar dabam, wadda sakaci ya ƙara a kai dabam. Ta farko dole ce, ta biyu kuwa tana da magani, kuma maganin bai kai kuɗin salansa ɗaya ba.

Katako mai numfashi

Farfelar katako ba daga gungume ɗaya ake sassaƙa ta ba. Tun 1903 'yan'uwan nan Wright suka manna allunan katako suka sassaƙa tasu, bayan sun gane cewa farfela fiffike ne mai juyawa. A Faransa Lucien Chauvière ya kyautata sana'ar, kuma farfelarsa ce a hancin jirgin Blériot a waccan tsallakar. Har yau hanyar ba ta sauya sosai ba. Ana jera alluna biyar ko fiye, a shafa gam, a matse su a bar su su kama, sannan a sassaƙa. Hikimar ita ce katako ba ya zama da nauyi ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, don haka gwanin maƙeri yana auna kowane allo ya juya su, kan mai nauyi na wannan ya faɗa kan marar nauyi na wancan. Daidaito tun daga nan yake farawa, kafin wuƙa ta taɓa itacen. Kamfanin Sensenich, wanda 'yan'uwa biyu Harry da Martin suka kafa a Lititz ta Pennsylvania a 1932, har yanzu yana ƙera farfelun katako a Plant City ta jihar Florida. A Jamus akwai Hoffmann a garin Rosenheim. Daga irin waɗannan gidajen masu tsofaffin jirage ke samun sababbi idan na asali sun gaji.

Sai dai farfelar da ta bar masana'anta a daidaice ba ta zama haka har abada. Katako yana shan laima yana saki. Shi ya sa duk inda aka san darajar jirgi, idan an kashe inji sai a juya farfela mai reshe biyu ta kwanta a gicciye. In aka bar ta a tsaye, laima tana gangarowa ta taru a reshen ƙasa, bayan 'yan makonni ya fi na sama nauyi. Bakin reshen da aka lulluɓe da farantin tagulla don kare shi daga tsakuwa da ruwan sama yana da 'yan ƙananan huji a ƙarshensa, waɗanda ruwan da ya shiga ƙarƙashin farantin ke fita ta cikinsu idan farfela na juyi. Fenti ya toshe hujin reshe ɗaya, shi ke nan an samu bambanci. Haka wanda ya ga ƙarzuwa a reshe ɗaya ya ɗauko buroshi ya shafe shi kaɗai, don kirki ya yi, amma ya ƙara masa nauyi.

Auna ta farko a benci ake yi, kuma aiki ne mai son natsuwa. Ana rufe ƙofa da taga, a kashe fanka, domin ko numfashin iska yana iya ruɗa awon. A zura sandar ƙarfe mai santsi ta ramin tsakiyar farfelar, a ɗora kawunan sandar kan wasu ƙarafa biyu masu kaifin baki da aka daidaita da ma'aunin ruwa. Bakanike ya kwantar da farfelar a gicciye, ya janye yatsunsa a hankali, ya zuba ido. Idan lafiya take, sai ta tsaya inda aka bar ta. Idan ba haka ba, reshe ɗaya zai fara sunkuyawa, da ƙyar ido ke ganin motsin da farko. Sai ya juya ta, ɗaya reshen ya koma wancan gefen, ya sake gwadawa. Bayan nan ya tsayar da ita, reshe ɗaya sama ɗaya ƙasa, domin wani nauyin ba a tsawo yake ɓuya ba, a gefen cibiya yake. Farfelar da ta cika sharaɗi za ta tsaya cak a duk inda aka ajiye ta.

Gyaran kuma da kaɗan-kaɗan ake yinsa. Reshen da ya fi sauƙi ake ƙara wa shafin fenti ko man ƙyalli, a bari ya bushe sarai kafin a sake awo, don ɗanyen fenti ya fi busasshe nauyi. Wani lokaci ɗigon dalma ake narkawa a bakin tagullar a goge shi ya yi sumul. Idan a gefen cibiya matsalar take, ana iya ɗaura ɗan farantin ƙarfe a gefe marar nauyi, bisa yadda maƙerin ya yarda. Abin da ba a yi shi ne a kama kankare reshe mai nauyi har a ɓata siffarsa.

Nauyi ba shi kaɗai ke kawo rawa ba. Rassan biyu dole su bi hanya ɗaya a iska. Ana gwada wannan da abu mai sauƙi: a tokare ƙafafun jirgin, a tabbatar an kashe wutar fulogi, a ajiye ɗan katako a ƙasa dab da bakin reshe, a yi alama, a juyo ɗaya reshen a ga inda ya faɗo. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada tazarar ta wuce kashi ɗaya cikin 16 na inci, kusan milimita ɗaya da rabi. Sannan karkatar rassan ta zama iri ɗaya, domin reshen da ya fi ɗan'uwansa cizon iska zai fi shi ja, kuma wannan rawar babu nauyin da za a ƙara ya kashe ta.

Sai maganar notuna, wadda a nan ne rai yake. Mutane da yawa suna zaton ƙusoshin da suka ratsa cibiyar farfela su ne ke juya ta. Ba su ba ne. Aikinsu su matse katakon tsakanin faranti biyu, matsin nan ne ke ɗaukar ƙarfin inji. Idan iska ta bushe, katako ya tsuke, matsin ya ragu, sai farfelar ta fara ɗan zamewa gaba da baya a kowane bugun silinda. Gogayyar tana ƙona fuskar katakon ta yi baƙi, ramukan su faɗaɗa, ƙusoshin su fara ɗaukar dukan da ba a yi su dominsa ba, har su karye farfela ta rabu da jirgi a sama. In kuma aka matse fiye da kima, an murƙushe ƙwayar katakon. Don haka Sensenich ke umartar a duba matsin bayan tashin farko, a sake bayan awa 25, daga nan kowace awa 50, da kuma duk lokacin da yanayi ya juya daga laima zuwa bushewa.

Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da hunturu ke yi wa ƙyauren katako. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Jiragen katako da yadi ne, farfelunsu ma na katako, kuma sun ratso Sudan da yankin Tafkin Chadi daidai lokacin da damina ta ɗauke iska ta fara bushewa. Duk wanda zai kawo jirgi mai farfelar katako daga ƙasa mai laima zuwa wannan yanki a yau, abin da zai fara nema bayan sauka shi ne sufanar awon matsi.

Awo da inji a kunne

Farfela tana iya cin jarrabawar benci, a ɗaura ta a jirgi, rawa ta ci gaba. Dalili shi ne ba ita kaɗai ke juyi ba. Akwai kiranshaf, da farantin da ta zauna a kai, da ƙusoshi, da murfin hanci idan jirgin na da shi. Kowanne na da ɗan nasa kuskuren, kuma idan farfelar ta zauna gefe da tsakiya da kaurin gashi, duk nauyinta ya koma gefen. Wani lokaci kurakuran suna kashe juna, wani lokaci su haɗu su yi ƙarfi. Wannan ne ya sa aka koma auna su gaba ɗaya, a kan jirgin, inji na aiki. Dabarar ta bunƙasa ne a wajen masu jirage masu saukar ungulu, inda girgiza ta fi tsanani, kuma kamfanin Chadwick-Helmuth na California ya yi suna wajen ƙera na'urorinta kafin ta yaɗu zuwa ƙananan jirage. Yau akwai irin su ACES da DynaVibe, waɗanda ake riƙewa a hannu kuma batir ke tafiyar da su, abin da ya dace da jirgin da ko waya ɗaya ta lantarki ba shi da ita.

Abubuwa biyu ake ɗaurawa. Na farko ɗan ma'aunin girgiza ne da bai fi kan babban yatsa ba, a ɗaure shi a jikin inji can gaba, kusa da farfela iyakar iyawa. Na biyu ido ne na lantarki da ke kallon bayan farfelar, inda aka liƙa ɗan tef mai ƙyalli a reshe ɗaya. Duk zagaye idon yana ganin ƙyallin sau ɗaya, da haka na'urar ke sanin saurin juyi da kuma inda reshen yake a lokacin da fizga ta zo. Ana bin wayoyin da tef a manne su da jikin jirgi har kujerar matuƙi, nesa da salansa mai zafi.

A Tiger Moth, wanda ya fara tashi a Oktoban 1931 aka kuma ƙera fiye da 8,000, aikin yana da nasa wahala. Yawancinsu ba su da birki, ba su da sitata. Sai an tokare ƙafafu, an juya hancin ya fuskanci iska, mutum ya kama farfela da hannu ya wurga ta har injin Gipsy Major ya kama. Matuƙi ya ja sanda baya ya riƙe, wasu su danne wutsiya don kada ta ɗaga hanci ya caki ƙasa. A bar inji ya yi ɗumi, a ƙara wuta har juyin da ake tafiya da shi a sama, a riƙe shi nan ba motsi na 'yan sakanni, ciyawa na kwantawa a baya, hula na neman tashi. Na'urar ta ba da lamba biyu: ƙarfin girgizar, da kusurwar da nauyin ya fi yawa, kamar a fuskar agogo.

Ana auna ƙarfin da inci a sakan. Abin da masu aikin suka saba ɗauka a matsayin iyaka shi ne 0.2, kuma gwanaye suna neman su sauko da shi ƙasa da 0.07, inda matuƙi ba ya jin komai daga farfela. A kashe inji, a auna 'yan wosha a ƙaramin sikeli, a ɗaura su a gefen da ke kallon wurin nauyin, a sake tayarwa. Daga yadda lambobin suka motsa, na'urar ke lissafa giram nawa ake buƙata da kuma inda za a sa su. Tayarwa uku ko huɗu galibi sun isa. Waɗanda suka tashi jirgi kafin aikin da bayansa sukan lura da ƙananan abubuwa: allurar agogo ta tsaya wuri ɗaya, gilashin gaba ya daina kuka.

Amma a nan ne nake ganin haɗarin sabuwar na'ura. Tana da sauƙin aiki har tana iya sa mutum ya daina tambayar dalili. Wosha tana iya rufe alamar cuta ba tare da ta warkar da ita ba. Farfelar da gam ɗinta ya fara saki, ko wadda ruwa ya shiga reshenta, ko kiranshaf ɗin da ya ɗan lanƙwashe tun ranar da farfela ta taɓa ƙasa aka yi shiru, duka za su nuna lamba mai girma, kuma duka ana iya danne lambar da nauyi na ɗan lokaci. Shi ya sa ƙa'idar masu aikin ta ce idan awon farko ya haura inci ɗaya da ɗoriya a sakan, ba a ƙara komai, sauke farfelar ake yi a bincika. Bakaniken kirki sai ya gama duba katakon, da hanyar rassa, da matsin notuna, da robobin da inji ke zaune a kai, kafin ya buɗe akwatin na'ura.

Na'urar mai kyau ma tana taimaka masa ya rarrabe. Rawar rashin daidaiton nauyi tana zuwa sau ɗaya a kowane zagaye. Silindar da ta yi rauni, ko fulogin da ke ƙin wuta, tana nunawa sau ɗaya a zagaye biyu, domin kowace silinda sau ɗaya take bugawa a zagaye biyu. Wannan aikin mai gyaran inji ne. Akwai kuma wata rawa ta dabam da ta fi damun farfelun ƙarfe, inda bugun inji ke dacewa da kaɗawar reshen kansa a wani juyi na musamman, ƙarfen ya yi ta lanƙwasa a ɓoye har ya gaji ya tsage. Saboda ita ne ake ganin jan layi a tsakiyar agogon juyi na wasu jirage, alamar kada a daɗe a wannan wurin. Daidaita nauyi ba ya taɓa wannan ko kaɗan. Katako a nan ya fi ƙarfe haƙuri, domin yana shanye kaɗawa, kuma wannan na cikin dalilan da masu tsofaffin injuna ba sa son rabuwa da shi.

Tsofaffin jirage suna da wata matsala da na zamani ba su da ita: ina za a ɗaura nauyin? A jirgin zamani akwai farantin bayan murfin hanci, ko zoben sitata na injin Lycoming mai ramuka a shirye. Cub ba shi da ko ɗaya, cibiyarsa a fili take. Abin da ya rage shi ne ƙusoshin farfelar, kuma suna kusa da tsakiya sosai, don haka ana buƙatar nauyi mai yawa kafin ya yi tasiri, ga shi ƙara wosha a ƙarƙashin noti yana shafar tsawon ƙusa da matsinta. Wani lokaci sauke farfelar a juya ta rabin zagaye a mayar yana rage rawar ba tare da an ƙara komai ba. A injuna irin Gnome da Le Rhône na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa, inda silindojin duka ke juyawa tare da farfela, kamar na Blackburn da Sopwith Pup da ke Old Warden, inji da farfela jiki ɗaya ne, daidaiton kowace silinda da fistinta yana cikin lissafin tun a benci.

Ba kuma kowa ke da ikon yanke hukunci a kan wannan ba. A Amurka hukumar FAA tana da takardar jagora kan kula da farfela, mai lamba AC 20-37E, kuma aikin sai mai lasisi ya sa hannu. A Ingila da yawa daga cikin waɗannan jirage suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar Light Aircraft Association, wadda sufetocinta ke duba duk wani sauyi. Bayan an gama, ana rubuta a littafin jirgin lambar farko da ta ƙarshe, giram nawa aka sa, a wane rami, a wane juyi aka auna. Ana yi wa farfelar da farantinta alama don in an sauke ta a mayar da ita yadda take. Ranar da aka sake mata fenti, ko aka gyara bakin tagulla, ko aka buɗe inji, tsohon awon ya tashi daga aiki: a cire woshar duka, a koma benci, a rufe taga, a fara daga farko.